ZARE: Tafkin Kesterson, inda ruwan gona ya zama guba

1/ Kafin a buɗe mahaƙar ma'adinai kusa da gonakin ban-ruwa, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa: me ke cikin ruwan wurin tun yanzu? Bari in ba ku tarihin wani tafki a Amurka, za ku ga dalili. Zaren da ɗan tsawo fa, ku biyo ni.

2/ Sunansa Kesterson, a kwarin San Joaquin da ke jihar Kalifoniya. Yammacin kwarin busasshe ne, amma ƙasar na da albarka in ta samu ruwa. A 1960 majalisar dokokin Amurka ta amince da aikin kai wa manoman yankin ruwa daga arewacin jihar.

3/ Sai dai a ƙarƙashin gonakin akwai yumɓu da ke hana ruwa wucewa. Kana ba gona ruwa, shi kuma yana taruwa a ƙasa, yana hawowa har saiwar shuka. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Duk wanda ya taɓa ganin fari-fari kamar kanwa a ƙasar lambu ya san abin.

4/ Dabarar da aka yi: a binne bututai masu huji a ƙarƙashin gonaki su tsotse ruwan gishirin, wata magudana mai suna San Luis ta kai shi wajen teku. An fara gina ta a 1968. A 1975 aiki ya tsaya saboda kuɗi da adawar masu kare muhalli, ba a kai ko rabin hanya ba.

5/ Inda magudanar ta tsaya shi ne Kesterson: tafkuna 12 marasa zurfi, kusan hekta 500. Ruwa ya shiga, babu mafita. Kuma an mai da wurin mafakar tsuntsayen ruwa. Zuwa 1981 kusan duk ruwan da ke shiga daga bututan gonaki yake.

6/ To ga inda kimiyyar take. Duwatsun da ke yamma da kwarin tsohuwar lakar ƙasan teku ce, kuma akwai sinadarin siliniyom a cikinsu. Daga su ƙasar gonakin ta samo asali. Jiki na buƙatar siliniyom ɗan ƙanƙani, amma da ya wuce haka ya zama guba.

7/ Muddin yana kulle cikin dutse, iska ba ta taɓa shi, lafiya lau. Da ya haɗu da iskar oksijin sai ya koma irin wanda ke narkewa a ruwa. Abin da ɗan ruwan sama na yankin bai wanke ba a dubban shekaru, ban-ruwa ya kwaso shi cikin 'yan shekaru.

8/ Ruwan magudanar na ɗauke da kusan maikrogiram 300 na siliniyom a kowace lita. Iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a 1987 don halittun ruwa 5 ce. Ku yi lissafin: ninki 60.

9/ Ba a ruwa kaɗai ya tsaya ba. Gansakuka ta ɗauka, ƙwari su ci gansakuka, kifi da tsuntsu su ci ƙwarin, yana ta taruwa a jikinsu. Kifayen tafkin suka ƙare, sai wani ɗan ƙaramin iri ɗaya mai cin 'ya'yan sauro.

10/ A 1983 masanin tsuntsaye Harry Ohlendorf da abokan aikinsa suka duba ƙwayayen da ke sheƙa. Wasu 'yan tsakin babu ido, wasu baki a murɗe, wasu babu ƙafa ko fiffike, da yawa sun mutu a cikin ƙwai. Theresa Presser, masaniyar sinadaran ƙasa, tana cikin waɗanda suka bi sawun gubar har zuwa duwatsun.

11/ A 1985 gwamnatin tarayya ta sanar za ta rufe wurin. A 1986 aka toshe bututan, a 1988 aka cike kwarurrukan tafkin da ƙasa. Da aka binciki sauran wuraren ban-ruwa a yammacin Amurka, an tarar da irin matsalar a wasu.

12/ Abin da ya fi tsaya min a rai a matsayina na ɗalibi: babu mahaƙa a labarin nan, babu masana'anta. Ruwa ne kawai da ƙasa. To ina ruwan haƙar ma'adinai? Ita ma aikinta ke nan, ta farfasa dutse ta bar shi ga iska da ruwa.

13/ Misali kwarin Elk a Kanada. Tarin duwatsun da ake zubarwa daga mahaƙan kwal na sakin siliniyom cikin koguna, har yana tsallakawa jihar Montana ta Amurka. A 2021 kotu ta ci kamfanin Teck tarar dalar Kanada miliyan 60.

14/ Kun ga matsalar? Gona da mahaƙa na iya barin alama iri ɗaya a ruwa. Har sinadarin naitiret ma: takin zamani na kawo shi, nakiyar fasa dutse ma na kawo shi. Ranar da rijiya ta lalace, kamfani zai ce manoma ne, manoma su ce kamfani ne.

15/ Mai raba gardamar shi ne awon da aka yi kafin a fara haƙa. A auna rafi da rijiyoyi, sama da gonaki da ƙasa da su, damina da rani, ba shekara ɗaya ba, domin ruwan da ke komawa rafi daga gona yana canzawa da lokacin ban-ruwa.

16/ Mu ma nan muna da noman rani a Kadawa da Bakolori, ga maganar zinare a Zamfara da litiyom a Nasarawa. Abin da ruwa zai kwaso ya danganta da dutsen wurin, amma ƙa'idar ɗaya ce.

17/ Don haka in an zo garinku da batun mahaƙa, bayan tambayar aiki da diyya, ku ƙara wannan: ina sakamakon awon ruwanmu, wa ya yi shi, kuma ina kwafin da zai zauna a hannun mutanen gari? Ku tura wa wanda ya dace ya gani.