15 ga Janairu: Rana Ɗaya, Makoki Biyu

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, shugaban ƙasa kan ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru, a busa wa mazan jiya begila. Da can ran 11 ga Nuwamba ake wannan biki, kamar sauran ƙasashen renon Ingila, domin a ranar aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya Najeriya ta mayar da shi ranar da yaƙin basasarta ya ƙare a hukumance, wato 15 ga Janairun 1970, sa'ad da Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas. Ojukwu ya riga ya tsere zuwa Kwaddibuwa 'yan kwanaki kafin nan.

Sai dai ranar tana da wani tarihin da ya girmi wannan da shekara huɗu cif. Kafin asubahin Asabar, 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya ja sojoji zuwa gidan Firimiyan Arewa a Kaduna, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello tare da uwargidansa Hafsatu. A Ibadan aka kashe Akintola. A Legas aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta. Cikin manyan hafsoshin da suka rasa rayukansu akwai Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Abogo Largema da James Pam, kuma sau da yawa sunayensu kan faɗi daga bakin masu ba da labari, alhali kisansu ne ya fi ƙona ran ƙananan sojojin Arewa.

Daga nan abubuwa suka yi ta haifar juna: mulkin Ironsi da dokarsa mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, juyin ramuwar gayya na 29 ga Yuli, kisan dubban Inyamurai a garuruwan Arewa, ayyana Biyafara a 30 ga Mayun 1967, sai wata talatin na wuta da yunwa.

Ke nan ranar da aka kunna wutar ita ce ranar da aka yi shelar kashe ta. A ganina wannan dacewar ta yi wa gwamnatoci daɗi fiye da kima. Ta ba su damar tsayawa a kan 1970, shekarar da Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci da yaƙi, su tsallake 1966 mai tambayoyi masu nauyi. Ba a taɓa gurfanar da waɗanda suka yi juyin Janairu gaban kotu ba, haka ma na Yuli. Shi ya sa yayin da ake fareti a Abuja, a Kaduna da Bauchi addu'a ake yi wa Sardauna da Ɓalewa, kamar ba kalanda ɗaya ake dubawa ba.

Nzeogwu kansa bai ga ƙarshen yaƙin ba. An kashe shi a Yulin 1967 kusa da Nsukka yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, Gowon kuma ya sa aka binne shi da girmamawar soja a Kaduna, garin da harabar gidan Sardauna, wadda yanzu ake kira Arewa House, take tsaye har yau.