Citta, baƙuwar da ta ɗauke sunan 'yar gida

Tun ina ƙarama a Ƙwanni, in mura ta kama ni, kakata ba ta zancen farmasi. Citta za ta daka da kanumfari da masoro, ta ce: "Shanye, sanyi ne ya shige ki." Sai da na fara karatun ilimin harsuna a Yamai na tsaya a kan sunan nan nata: me ya sa take cewa citta mai yatsu? Ashe akwai wadda ba ta da yatsu ke nan?

Akwai kuwa. Ita ce citta mai ƙwaya, 'yar dazuzzukan Afirka ta Yamma. Mai yatsun daga Asiya ta fito. A ganina, da ta iso aka ji tana da yaji irin na waccan, sai aka ara mata sunan, aka ƙara da siffarta don kada a ruɗe. Likita Dalziel ya rubuta su duka biyu a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Yau kuwa ka ce "citta" a kasuwa, baƙuwar za a miƙo maka.

A ƙasar Sin tarihinta ya fi tsawo. Wajen shekara 1,800 da suka wuce, wani likita, Zhang Zhongjing, ya riga ya raba ɗanya da busassa kamar magunguna biyu: ɗanya ta mura da amai, busassa ta ɗumama ciki in sanyi ya zauna. Da na karanta wannan sai da na yi dariya. Wallahi lissafin kakata ke nan, na zafi da sanyi, wanda ya sa ake cika wa maijego yaji. Ban ce daga Sin muka koyo ba; harshe bai nuna haka ba. Ko zanjabil na Larabci, da ke cikin Suratul Insan, bai ture sunanmu ba.

Mu albasa muke nomawa, a tambayi Galmi. Citta daga kudancin Kaduna take hawowa, su Kaciya da Kafanchan, ta bi Sakkwato ta shigo ta Illela. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin can, ga iyaka a rufe bayan juyin mulkin Yuli. Da na je hutu na tarar kakata tana gutsura yatsa ɗaya gida uku, tana ƙulle saura a bakin zane.