Kundin kammala digiri a Parakou: asalinsa da yadda ake soma shi

Al'adar rubuta kundin bincike kafin a ba ɗalibi digiri, abin da ake kira memuwar a Benin, ta shigo ƙasar ne tare da tsarin karatun Faransa. An kafa Jami'ar Dahomey a 1970, aka mayar da ita Jami'ar Ƙasa ta Benin a 1975, kuma ta yi shekara talatin ita kaɗai ce jami'ar gwamnati. Yaron da ya tashi a Ladjifarani ko Zongon Parakou, ko kuwa a Djougou, da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare sai ya ɗaure kaya ya nufi Abomey-Calavi kusa da Kwatano, tafiyar kimanin kilomita 400 ko fiye. A wancan zamani yawanci sai a shekara ta huɗu, matakin metiris, ɗalibin adabi ko shari'a ko tattalin arziki ke kama aikin kundi.

A 2001 aka buɗe Jami'ar Parakou, tsohuwar kuma ta koma Jami'ar Abomey-Calavi. Sauyi na biyu ya biyo bayan umarnin ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta UEMOA na 2007, wanda Benin ta yi wa doka a 2010: tsarin LMD. Digirin farko, wato lisans, ya zama shekara uku, zango shida, kiredi 180. Metiris ya kau, kundi kuma ya gangaro shekara ta uku a sassa da yawa, galibi bayan sitaj, wato horon aiki, a wata ma'aikata ko gona. Nauyin da ɗan shekara ta huɗu ke ɗauka a da ya hau kan wanda bai kai shi gogewa ba, shi ya sa mafarin aikin ya zama wurin da aka fi bukatar kulawa.

Da take ake somawa. Ɗalibi yakan kawo shi da faɗi, kamar noman auduga a Borgu baki ɗaya, malamin da ke duba aikin ya yi ta rage shi har ya tsaya kan ƙauye biyu da damina ɗaya. Daga nan sai furotokol: 'yan shafuka masu bayyana matsalar, tambayoyin, waɗanda za a tambaya da yadda za a zaɓe su. Sai malam ya amince da shi ake fita fili.

A filin ne amfanin kusancin jami'ar ya fi bayyana. Parakou da Djougou tsoffin zangunan fatake ne a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, kuma har yau harsuna a cakuɗe suke: Dendi, Batonu, Fulatanci, Yom, Yarabanci, Hausa. Takardar tambayoyi da Faransanci ake rubuta ta, amma mai sayar da man kaɗe a kasuwar Arzeke da Dendi za ta amsa, dillalin shanu kuwa da Fulatanci ko Hausa. Ɗalibi na tsugune gefen rumfa, takarda a kan gwiwa, yana laluben yadda zai faɗi kalmar riba ta tsarin lissafi ga matar da ba ta raba kuɗin kasuwa da na cefane. Ɗan gari ya fi baƙo sanin wannan giɓi, ya kuma san ba a shiga unguwa da tambayoyi sai an gaida mai unguwa, an nuna takardar izinin jami'a. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001 kuma take da reshe a Parakou, ta taimaka wajen ɗaukaka wannan salo na zama da mutane da sauraronsu a harshensu.

Aikin yana ƙarewa ne da sutunans, inda ɗalibi ke kare kundinsa a gaban kwamitin malamai, 'yan uwa na zaune a baya. Bayan ya yi gyare-gyaren da aka nema sai ya miƙa wa jami'a kwafin ƙarshe.