Toyota RAV4: abin lura kafin a aiko ta gida

Tun 1994 kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera RAV4. Yau tana cikin motocin da ƴan uwa mazauna waje ke aikowa gida. Tana da ƙwari, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu a Maradi ko Damagaram.

Sai dai a kula da ƙirar 2006 zuwa 2008 mai inji lita 2.4, don an san ta da shan baƙin mai. Mai irinta ya riƙa zaro sandar awon mai duk mako, kar man ya ƙare inji ya buga.

A yi juye duk kilomita 5.000, a kaɗe ƙurar matatar iska lokacin hunturu, a kuma guji esansin kwalba mai datti.