Kalkulas na matakin farko

Kalkulas na matakin farko kwas ne na ilimin lissafi da ake koyarwa a ƙarshen sakandare ko a shekarar farko ta jami'a. Ana wajabta shi ga ɗaliban injiniyanci, fiziks, kemistiri, kimiyyar kwamfuta da tattalin arziki. Kwas ɗin yana nazarin yadda abubuwa ke canzawa, kamar saurin gudun mota a wani lokaci takamaimai, da kuma yadda ƙananan canje-canje ke taruwa su ba da jimilla. Kafin shi akan yi wani kwas na share fage da ya ƙunshi aljabara da lissafin kusurwoyi. Malaman lissafi da yawa suna ganin cewa ɗaliban da ke faɗuwa jarrabawar kalkulas sun fi yin tuntuɓe a kan wannan tushe, ba a kan sababbin darussan ba.

Asalin kalma

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Latin, inda take nufin tsakuwa, domin Rumawa suna amfani da ƙananan duwatsu wajen ƙidaya. Ita kuwa aljabara daga Larabci ta fito, daga kalmar al-jabr da ke cikin sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820.

Tarihi

Tun kafin haihuwar Annabi Isa, Archimedes na ƙasar Girka ya riƙa auna faɗin siffofi masu lanƙwasa ta hanyar cika su da ƙananan siffofi masu miƙaƙƙun gefe. Ibn al-Haytham, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya kuma rayu a Alƙahira, ya yi irin wannan aiki wajen auna cikin wasu siffofi. A ƙarni na 14, Madhava na yankin Kerala a Indiya ya gano jerin lambobi marasa ƙarshe da ke ba da ƙimar sayin da kosayin.

Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus su ne suka haɗa waɗannan dabaru suka zama fanni guda, kowannensu da nasa ƙoƙarin. Newton ya yi nasa aikin a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Cambridge, amma bai wallafa shi da wuri ba. Leibniz ya wallafa nasa a 1684. Wannan ya haifar da doguwar jayayya a kan wanda ya riga. Alamomin da ɗalibai ke rubutawa a yau, wato dy/dx da ∫, na Leibniz ne. Littafin koyar da kalkulas na farko ya fito a Faransa a 1696 da sunan Guillaume de l'Hôpital. A 1748 Leonhard Euler ya wallafa littafin da ya tsara ilimin da ake buƙata kafin a shiga kalkulas, wanda ake ɗauka a matsayin kakan kwasa-kwasan share fage na yanzu.

Kwas ɗin share fage

Ginshiƙin wannan kwas shi ne fankishan, wato ƙa'idar da ke karɓar lamba ɗaya ta ba da amsa ɗaya tak. Misali, ƙa'idar f(x) = x² tana karɓar 3 ta ba da 9. Ɗalibi yana koyon zana giraf ɗin fankishan, warware ikweshan, rarraba jimlar aljabara zuwa sassan da aka ninka, da aiki da logaridim. Ana kuma koyar da sayin, kosayin da tanjan, tare da auna kusurwa da radiyan maimakon digiri. A wannan ma'auni, digiri 180 daidai yake da radiyan π.

Manyan darussan kalkulas

Darasi na farko shi ne iyaka, wato ƙimar da fankishan ke dosa yayin da x ke matsawa kusa da wata lamba. Idan aka saki dutse daga sama, tazarar da ya faɗo bayan daƙiƙa t ta kusan mita 5t². Tsakanin daƙiƙa 2 da 2.1 matsakaicin saurinsa mita 20.5 ne a daƙiƙa. Tsakanin 2 da 2.01 saurin ya koma 20.05. Duk lokacin da aka ƙara rage tazarar, amsar tana ƙara matsawa kusa da 20. Wannan 20 ita ce iyakar, kuma ita ce saurin dutsen a daidai daƙiƙa ta biyu.

Darasi na biyu shi ne difaranshiyeshan, hanyar gano saurin canji kai tsaye ba tare da maimaita wancan lissafi ba. Saurin canjin 5t² shi ne 10t, wanda ya ba da 20 idan t ta zama 2. Da wannan hanya ake gano inda abu ya kai ƙololuwa ko ya yi ƙasa matuƙa. Manomin da ke da waya mai tsawon mita 40, yana so ya kewaye lambu mai kusurwa huɗu, zai sami faɗin fili x(20 − x) idan gefe ɗaya ya kasance x. Saurin canjin wannan shi ne 20 − 2x, kuma yana zama sifili idan x ta zama 10. Ke nan lambu mafi girma shi ne mai mita 10 a kowane gefe, mai faɗin murabba'in mita 100.

Darasi na uku shi ne intagireshan, wato tattara ƙananan yanka domin samun jimilla, kamar faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi. Babbar ƙa'idar kalkulas ta nuna cewa difaranshiyeshan da intagireshan kishiyoyin juna ne, kamar yadda tarawa da ɗebewa suke.

Jarrabawa

A Najeriya ɗalibai suna fara haɗuwa da kalkulas a manhajar lissafi ta babbar sakandare da ta jarrabawar JAMB. A tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022, kwas ɗin MTH 101 ya ƙunshi aljabara da lissafin kusurwoyi, MTH 102 kuma kalkulas, ko da yake wasu jami'o'i suna da nasu lambobin. Akan raba maki tsakanin gwaje-gwajen cikin zango da jarrabawar ƙarshe, wadda ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Wanda ya faɗi sai ya sake kwas ɗin a shekara mai zuwa, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Hakan na rage matsakaicin makinsa, kuma yana iya jinkirta masa kwasa-kwasan da suka dogara da wannan.

A Jamhuriyar Nijar, ɗaliban kimiyya suna amsa tambayoyin wannan fanni a jarrabawar bakaloriya. A Amurka, hukumar College Board tana shirya jarrabawar AP Calculus a watan Mayu, ana ba da sakamako daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama suna yafe wa wanda ya ci sosai kwas ɗin farko. Hukumar ta fara jarrabawar kwas ɗin share fage a 2024.

Kurakuran da aka fi yi

Yawancin kurakuran na aljabara ne. Wasu ɗalibai suna rubuta (a + b)² a matsayin a² + b², alhali (2 + 3)² ya ba da 25, ba 13 ba. Haka nan, idan aka nemi iyakar (x² − 1)/(x − 1) yayin da x ke dosar 1, sanya 1 kai tsaye zai ba da sifili bisa sifili, wanda ba amsa ba ne. Sai an gane cewa x² − 1 daidai yake da (x − 1)(x + 1) kafin a ga cewa amsar 2 ce. A nan aikin kalkulas layi ɗaya ne kawai, sauran duk darasin baya ne.

Sauran kurakuran sun haɗa da barin kalkuleta a kan digiri alhali tambayar tana buƙatar radiyan, da yar da alamar ɗebewa a tsakiyar aiki, da mantawa da + C a ƙarshen intagireshan marar iyakoki. Akwai kuma mantawa da ƙa'idar sarƙa: saurin canjin sin(3x) shi ne 3cos(3x), ba cos(3x) ba.

Shirin jarrabawa

Malamai sukan shawarci ɗalibi ya fara da gwada kansa a kan darussan share fage tun makonnin farko, ya gyara inda yake da rauni kafin a kai ga iyaka. Karanta misalan da malami ya warware a allo yana sa mutum ya ji kamar ya iya, amma hakan ba ya tabbata sai ya rufe littafi ya warware tambayar da hannunsa. Binciken da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun kawai. Tun a 1885 kuma Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana saurin gushewa idan ba a waiwaye shi ba, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Saboda haka kwanan zaune a daren jarrabawa ba ya maye gurbin aikin yau da gobe.

Hadda tana da gurbinta, musamman wajen ƙa'idojin difaranshiyeshan da ƙimar sayin da kosayin na digiri 30, 45 da 60. Sai dai jarrabawa ba ta faɗa wa ɗalibi ƙa'idar da zai ɗauko, don haka ake gauraya tambayoyi daga darussa daban-daban a lokacin bita. Tsofaffin takardun jarrabawa suna taimakawa idan aka amsa su da agogo a gefe. Ɗalibai da yawa suna ajiye littafi na musamman da suke rubuta kowane kuskure da dalilinsa, wasu kuma suna haɗuwa rukuni-rukuni, kowa ya bayyana wa 'yan uwansa yadda ya bi ya sami amsa.

A ɗakin jarrabawa, inda tambayoyin na rubutu ne, ana ba da maki a kan matakan aiki ko da amsar ƙarshe ta kuskure, shi ya sa ake son a rubuta kowane mataki a fili. Amsar intagireshan kuma ana iya tabbatar da ita nan take: idan aka yi mata difaranshiyeshan, dole ta mayar da mutum ga fankishan ɗin da ke cikin tambayar.