Soyayya a Zamanin Zuwan Nasara: Inda Mai Karatu a Sakkwato Ya Samo Ta

Ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Turawan Ingila ta gwabza da mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Tun da hantsi bindiga mai jigida ta raba gardama. Sarkin Musulmi ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi, malamai da manoma da mata masu goyo, har Turawa suka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada a can. Waziri Buhari ya zauna ya yi sulhu don tsare sauran jama'a, ya kuma rubuta risala yana kafa hujjarsa. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya ƙarasa Sudan da waɗanda suka tsira, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana ɗauke da sunansa har yau.

Duk mai ɗanɗanon labari ya san abin da ke cikin wannan shekara: an raba miji da mata, an bar budurwa da baiko a ka, wani ya tafi, wani ya zauna ana yi masa kallon wanda ya miƙa wuya. Ba abin mamaki ba ne masu karatu su so labarin soyayyar da aka gina a wannan zamani. Abin mamakin shi ne yadda suka daɗe suna samunsa gutsure-gutsure.

Sakkwato ta riga ta saba da adana tarihi a rubuce tun kafin boko. Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello sun bar littattafai masu yawa, Nana Asma'u kuwa ta sa tarihin jihadi cikin waƙa, jajinta suka kai wa 'yan taru har ƙauyuka. Ko zuwan Turawa ma, akwai waƙar da ake jinginawa ga Attahiru kansa a kai. Wannan duka ilmi ne da wa'azi, marubucinsa yana tsoron ƙara abin da bai faru ba. Ƙage yana da nasa gurbin daban, wato tatsuniya da dare, wurin mata da yara.

Ƙagaggen labari na boko ya zo ne da gasar da Dokta Rupert East ya shirya a 1933 daga Hukumar Talifi ta Zariya. An ce ya sha wahalar shawo kan malamai, don suna ganin ƙaga labari aikin banza ne. Cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Shi ne na farko da ya sa zuwan Nasara cikin ƙage. Jarumin mutumin Kwantagora ne, ƙasar Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse wadda Turawa suka ci a 1901. Ya yi yaƙi da su, ya nausa gabas, labarin ya faɗa duniyar aljannu, ya dawo ya tarar da ƙasa ta sauya. Marubucin yana yaro aka yi wannan yaƙi, shi ya sa kashin farko yake da zafi kamar labarin ganau. Amma kirari da sara da suka ne suka cika shi. A gefe guda ga Jiki Magayi na John Tafida da East, labarin Abubakar da Zainab da attajirin da ya raba su, soyayya da ramuwa tsantsa, mulkin Bature kuwa ba shi ne abin da ya dame shi ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma zamanin bauta, ƙaunar da ke cikinsa ta uwa ce mai neman ɗanta. Ka ga tun ranar farko yaƙin yana littafi ɗaya, soyayyar tana wani.

Wanda ya haɗa su ba da Hausa ya yi rubutu ba. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya fitar da The Passport of Mallam Ilia a 1960: Iliya ya sami Zara ta hanyar jarunta, Usuman ya yi sanadin rasa ta, shi kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana farautarsa, zamanin da Turawa ke kafa mulkinsu. Ɗaliban sakandare da yawa a Arewa nan suka fara ɗanɗana irin wannan labari, ana karɓa-karɓar kwafi ɗaya har bangonsa ya cire. Sai kuma finafinan Indiya, waɗanda suka mamaye gidajen silima na Arewa. Indiya ma Ingila ce ta mulke ta har 1947, masu fim ɗinta kuwa ba su jin nauyin sa saurayi da budurwa a gaban barikin Bature. Mard na Amitabh Bachchan ya fito a 1985, Lagaan a 2001. Bahaushe ya kalli Bature mai hular kwano yana karɓar haraji, bai buƙaci tafinta ba.

Ana cikin haka soyayya ta sami kasuwarta da Hausa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya biyo baya, sannan Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. Littattafan suka bi motocin Kano zuwa Sakkwato, suka shiga shagunan haya, daga nan suka shige cikin gidaje, inda matan aure da 'yan mata suka zama manyan masu karatunsu. Daga Sakkwato ɗin ne kuma suka sami suka mafi zafi. Ibrahim Malumfashi, yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya yayata laƙabin Adabin Kasuwar Kano, ya yi ta muhawara da Abdalla Uba Adamu a jaridu cikin shekarun 1990. Akasarin waɗannan littattafai zamaninsu suke kallo: auren dole, kishiya, boko, kuɗi. Da wuya su waiwayi zamanin Razdan da Di'o.

A ganina dalilin bai wuce kusanci ba. Mutanen 1903 ba baƙi ba ne a Sakkwato. Jikokinsu na nan, gidajensu sanannu ne, sarautunsu suna hannun zuriyarsu. Wa zai ɗauki kakar wani gida ya ƙaga mata masoyi, ya kuma kwana lafiya a garin? Ahmed Yerima ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Attahiru da Turanci, amma a fagen sarauta da yaƙi ya tsaya, inda ba a jin kunyar ambaton suna. Tarihin kansa kuwa yana hannun masu shi: Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya rubuta Tarihin Fulani, kuma gidan adana tarihi na jihar sunansa yake ɗauke da shi.

Alhali labaran da mai karatu ke ƙishirwa ba a fada suka fi yawa ba. Dubi Satiru, wani ƙauye da a da yake kudu da birnin Sakkwato. A Fabrairun 1906 mutanensa, talakawa da bayin da suka gudo, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. A watan Maris aka dawo aka share garin, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara aka rarraba, ba a sake zama a wurin ba. Ko kuma dubi dokar Gwamna Lugga da ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, alhali uwarsa tana nan cikin bauta, abin da ba a soke gaba ɗaya ba sai 1936. Takardun kotunan alƙalai na lokacin cike suke da shari'o'in fansar kuyangi, da yawansu don aure ko sa-ɗaka, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da zuwan Turawa daga cikin tsakar gida, tare da aurarrakinta da sakinta da ƙawayenta. Daga bakin mace ɗaya ke nan, a ƙasar Zazzau.

Yanzu littafin ya koma cikin waya. Marubuta, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, masu karatu su biya ta banki, wasu kuma su saurara ana karantawa a YouTube. Babu maɗaba'a a tsakani, babu dillalin da zai ce wannan ba zai sayu ba. Labaran masarautu na ƙage sun samu karɓuwa sosai a nan, da yarima da kuyanga da makircin cikin gida, sai dai masarautar kan zo da sunan da babu shi a taswira, shekarar kuma ba a faɗa.