Daga Matatar Mai Zuwa Hasken Rana: Tarihin Wata Dabara

Ina so in ɗan gutsuro mana tarihin wata dabara ta injiniyoyi, wadda na ga ya dace a kira ta "sarrafawa da hasashe". Ma'anarta ita ce na'ura ta lissafa abin da zai auku nan gaba kaɗan, ta zaɓi matakin da ya fi dacewa, ta ɗauka, sa'an nan ta sake sabon lissafi.

A matatun mai da masana'antun sinadarai wannan dabara ta fara aiki. Cikin 1978 Jacques Richalet da abokan aikinsa a Faransa suka buga bayaninta, a 1979 kuma Cutler da Ramaker na kamfanin Shell a Amurka suka bayyana tasu. Dalilin da ya sa ta karɓu a can shi ne, zafin tukunyar tace mai a hankali yake sauyawa. Saboda haka kwamfutar wancan zamani, duk da nawarta, takan gama lissafi kafin lokaci ya ƙure.

To, sha'anin wutar sola ba haka yake ba. Faifan sola, wanda aka ƙera na farkonsa mai amfani a Bell Labs cikin 1954, wutarsa hanya ɗaya take bi. Inbata ce ke juya ta ta zama mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, irin wadda kayan gidajenmu ke sha, kuma makunnan cikinta suna buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa guda. Dole dabarar ta jira kusan shekara 30 kafin a sami ƙananan kwamfutoci masu sauri da araha. Cikin 2007 José Rodríguez da abokansa a ƙasar Chile suka yi amfani da sanin cewa inbata mai layi uku yanayi 8 kurum makunnanta ke iya shiga. Sai kwamfuta ta gwada dukkansu a lissafi, ta zaɓi wanda ya fi.

Daga nan dabarar ta shiga ƙananan tashoshin sola masu ba gari guda wuta, irin waɗanda Nijeriya ta yi wa ƙa'idoji a 2016. A nan ana duba hasashen hadari da ƙura, da yawan wutar da jama'a za su sha, a yanke lokacin cika batir da lokacin tayar da janareto. In aka kuskure lissafi, batir mai tsada ya lalace, asibitin ƙauye ya kwana cikin duhu. Bahaushe dai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A ganina, tunda tashoshin nan garuruwanmu suke shiga, wajibi ne mu ɗaliban Hausa mu samar wa masu kula da su kalmomin da za su fahimci wannan lissafi da harshensu.